Kwafi Ɗaya Ba Ajiya Ba Ne

Littattafan da malaman jihadi suka rubuta a ƙasar Sakkwato sun kai shekara 200 ana karanta su. Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisuri a 1812, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu a 1817, Nana Asma'u ta rayu har 1864, amma har gobe ana buɗe rubuce-rubucensu a zaurukan karatu daga Gidaɗawa zuwa Gwandu, daga Kano zuwa Yola. Takardar da suka yi rubutu a kanta, wadda fatake ke ɗaukowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus, mai alamar jinjirin wata uku a jikinta, ba ta fi ƙarfin gara ba, haka nan ba ta fi ƙarfin ruwan damina ko gobara ba. Abin da ya raya waɗannan littattafai shi ne kwafi. Almajiri zai zauna ya kwafe littafi da hannunsa, a karanta nasa ana duba na malam, a gyara inda alƙalami ya zame, sannan ya naɗe a gafaka ya koma garinsu da shi. Idan gara ta cinye na Sakkwato, na Wurno yana nan. Idan ɗaki ya faɗa wa na Wurno, na Gwandu yana nan.

Jikokin waɗancan almajirai a yau suna riƙe da na'urorin da za su iya kwafe ɗakin karatu guda kafin shayi ya huce, amma da yawansu sun fi kakanninsu kusa da asarar abin da suka tara. Waya ta cika, kwamfuta ta fara gargaɗin cewa ba sauran wuri, sai mutum ya nufi kasuwa ya sayo ɗan akwatin nan baƙi mai tsawon tafin hannu, wanda masu shaguna ke kira eksitanal, wato rumbun ajiya na waje. Ya zuba masa komai, ya goge na cikin kwamfutar domin ta sarara, ya kwanta yana ganin ya yi ajiya. Alhali kuwa abin da ya yi shi ne ya kwashe dukiyarsa duka ya ɗora a kan faifai ɗaya mai juyawa, wanda faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta isa ta kashe shi.

Gafaka da kwalayen kaset

A Ƙofar Taramniya, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, tare da irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Kade da Ƙofar Marke da Ƙofar Atiku, akwai wani magidanci da wannan al'amari ya iske shi ba tare da ya nema ba. Akawu ne a wata ma'aikata, shekarunsa sun ɗan haura 40, kuma shi ne ɗan fari a gidansu. Mahaifinsa malamin zaure ne da ya daɗe yana karantar da fiƙihu bayan asuba da tafsiri cikin azumi. Da aka zo rabon gado, gida da gona sun rabu bisa ƙa'ida, amma aka bar abu biyu da ba wanda ya san yadda za a raba su: gafakai cike da littattafan rubutun hannu, wasu na kakansu, da kwalaye na kaset kusan 300 waɗanda almajirai suka naɗi karatun Malam a ciki tun shekarun 1980. 'Yan'uwa suka ce babban wa ya riƙe.

Kaset ba ya jira. Zafi yana sa zarensa ya saki, laima tana sa ya yi fumfuna, rediyoyin da ke kaɗa shi kuma suna ƙarewa a kasuwa. Magidancin ya samo wata tsohuwar rakoda mai lafiya, ya jona ta da kwamfutarsa, ya shiga juye muryar mahaifinsa kowane dare bayan lisha. Ƙanwarsa, autar gidan, wadda ta karanta ilimin kwamfuta kuma take aure a Zariya, ta ba shi shawara ya naɗi sautin ba tare da matse shi ba, domin abin da aka matse ba ya komawa yadda yake. Sautin da aka naɗa da ingancin faifan CD yana cin kimanin megabait 10 a minti ɗaya, wato kaset mai minti 90 zai ci kusan gigabait ɗaya. Kaset 300 ke nan gigabait 300 ba kaɗan. Ga kuma hotunan shafukan littattafai, dubbai, da yake ɗauka da waya. Kwamfutar tasa gaba ɗaya gigabait 256 take ɗauka, kuma rabi ya riga ya cika da takardun ofis. Bai kai kaset na 100 ba ta ce ta gaji.

Abin da ke cikin ɗan akwatin

Kafin a je kasuwa ya kamata a san abin da ake saye. Rumbun farko irin wannan kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da shi a 1956. Faya-fayai 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, girmansa kamar katon firiji, kuma duk abin da yake iya ɗauka haruffa miliyan 5 ne, abin da bai kai nauyin hoto biyu na wayar zamani ba. Tun daga lokacin girma ya yi ta raguwa, ciki yana ƙara faɗi, amma dabarar ba ta sauya ba. A cikin rumbun waje na aljihu akwai faifai mai faɗin kusan inci biyu da rabi wanda aka shafe da sinadarin maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya. A samansa akwai wata 'yar allura da ke rubutu da karatu, ba ta taɓa faifan, tana shawagi ne a kan iskar da juyawar ke tayarwa. Tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, silin gashin mutum ya fi ta kauri sau dubbai. Idan aka girgiza rumbun yana cikin aiki, allurar za ta iya gogar faifan, ta kankare wurin da bayanai suke, kuma abin da aka kankare ya tafi ke nan.

Akwai nau'i na biyu da ake kira SSD, wanda ba shi da faifai ko allura, yana riƙe bayanai ne a matsayin cajin lantarki a cikin ƙwayoyi, kamar filashi amma mafi inganci. Ya fi sauri, ya fi jure faɗuwa, ya fi tsada a kan kowane gigabait. Shi ma yana da nasa rauni: idan aka ajiye shi shekaru ba a jona shi da wuta ba, cajin nan yana tsiyayewa a hankali, kuma zafi yana hanzarta tsiyayewar. Ga wanda ke yawo da aikinsa a jaka a kan kabu-kabu, SSD ya fi. Ga wanda ke son tara abu mai yawa ya ajiye a ɗaki da kuɗi madaidaici, mai faifai ya fi.

A duk duniya kamfanoni uku ne suka rage suna ƙera rumbu mai faifai: Seagate da Western Digital da Toshiba. Duk wani suna da aka gani a jikin akwati, abin da ke cikinsa daga ɗayan ukun nan ya fito, in har faifan gaske ne a ciki. Wannan ƙarancin masu ƙira yana da tasiri a kan farashi. A 2011 da ambaliya ta mamaye masana'antu a ƙasar Tailan, inda ake haɗa kaso mai yawa na waɗannan na'urori, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo a ko'ina. A Najeriya kuwa, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, duk wani kayan kwamfuta ya bi ta. Da sabo ya yi tsada, sai kasuwar tsoho da ta jabu ta buɗe.

A gaban mai shago

Kayan kwamfutar da ake sayarwa a Sakkwato galibi daga Legas suke tasowa, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko Alaba, wasu kuma su biyo ta Kano. Kafin abu ya iso hannun mai shago ya ratsa hannuwa da yawa, kuma sau da dama shi kansa mai shagon bai san cikin abin da yake sayarwa ba. Magidancin Ƙofar Taramniya ya shiga wani shago, aka ajiye masa guda uku a kan kanta. Ɗaya sabo a kwalinsa mai terabait ɗaya, ɗaya tokumbo a cikin sabon gida, na ukun kuma ƙarami mai ƙyalli an rubuta terabait 16 a jikinsa, kuɗinsa bai kai rabin na farkon ba.

"Ranka shi daɗe, wanga shi ne yayi yanzu," in ji mai shago, yana tura masa mai ƙyallin.

Ya kira ƙanwarsa a waya ya karanta mata abin da ke rubuce. Ta ce, "Yaya, ajiye musu kayansu. Araha ba ta ado."

Yadda ake wannan ha'inci sananne ne. Ana saka ɗan ƙaramin katin memori a cikin akwati, wani lokaci a liƙa masa guntun ƙarfe domin ya yi nauyi a hannu, sannan a sauya masa lissafi ta yadda zai gaya wa kwamfuta cewa cikinsa ya kai terabait da yawa. Kwamfuta za ta yarda. Za a zuba fayiloli, sunayensu su bayyana a jere, mutum ya ga kamar komai ya shiga. Amma da zarar ainihin cikin katin ya cika, sabon abu yana hawa kan tsoho ne yana shafe shi, ko kuma ya zube a banza. Ba a ganewa sai ranar da aka zo buɗewa.

Tokumbo kuwa ba laifi ba ne idan an faɗa, matsalar ita ce a sayar da shi da sunan sabo. Kowane rumbu yana riƙe da tarihin kansa: awa nawa ya yi yana aiki, sau nawa aka kunna shi, wurare nawa suka lalace a faifansa. Manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana karanto wannan cikin minti ɗaya. Wanda aka ce sabo ne amma ya nuna awa 20,000, ya yi fiye da shekara biyu yana juyawa dare da rana a wani wuri. Ko wannan lissafin ma ana iya goge shi. A farkon 2025 mujallar c't ta Jamus ta bankaɗo yadda aka sayar wa mutane a ƙasashe da dama manyan rumbunan Seagate da suka yi dubban awoyi suna aiki, an mayar da agogonsu sifili an ce sababbi ne, kamfanin kuma ya ce ba daga hannunsa suka fito a haka ba. Abin da ya sami mai saye a Jamus ba zai ƙyale mai saye a Sakkwato ba.

Abu uku ne ke kare mutum. Na farko, ya duba lambar da ke jikin rumbun a shafin kamfanin da ya ƙera shi, ya ga ko sun san ta, kuma ko garantinta na nan. Na biyu, ya karɓi rasit tare da sharaɗin mayarwa cikin 'yan kwanaki. Na uku, kafin ya zuba abin da yake ji da shi, ya gwada cikin rumbun duka da manhaja irin H2testw, wadda ke cika shi da bayanai tun daga farko har ƙarshe sannan ta karanto su ta ga ko sun dawo daidai. A rumbu mai terabait ɗaya gwajin zai ɗauki awoyi masu yawa, amma shi kaɗai ne ke tona asirin jabu.

Magidancin ya sayi sabon mai terabait ɗaya. Da ya jona a gida sai ya ga kwamfuta ta rubuta gigabait 931, ransa ya ɓaci, ya ɗauka an rage masa mudu. Ba a rage ba. Masu ƙira suna ƙirga terabait a matsayin bait tiriliyan ɗaya cif, ita kuwa Windows tana rabawa da 1,024 a kowane mataki maimakon 1,000. Hatsin ɗaya ne, mudun awon ne ya bambanta.

Zafi da ƙura da wuta

An ƙera waɗannan na'urori ne da tunanin ofis mai sanyi. Takardar da ke cikin kwalin rumbunan aljihu da yawa tana cewa a yi aiki da su a zafin da bai wuce digiri 35 ko 40 ba. A Sakkwato, cikin Afirilu da Mayu, zafin inuwa kansa yakan haura 40, balle ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana, ko motar da aka rufe a filin ajiye motoci na sakatariya. Rumbun da aka ɗora a kan katifa ko darduma yana aikin kwafi na awa uku, zafinsa ba ya samun hanyar fita. Ya fi kyau a yi dogon aiki da dare ko da sassafe, a kan tebur ko daɓen siminti. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke cika bakin da ake soka waya, har jonin ya riƙa yankewa. 'Yar jaka mai zif tana maganin wannan.

Batun wuta yana da nasa hukunci. Babban rumbu na tebur yana da tasa wayar wuta daban, don haka duk ɗaukewar lantarki ko hawa da saukar janareto kai tsaye suke isa gare shi, kuma yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya hargitsa jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. Ƙaramin na aljihu daga jikin kwamfuta yake shan wuta, saboda haka batirin laftof yana tsaya masa idan an ɗauke. A garin da wuta ba ta da tabbas, wannan kaɗai ya isa dalilin fifita ƙaramin. Haka kuma dalili ɗaya ne ya sa ake cewa kada a fizge waya sai an umarci kwamfuta ta sallami rumbun: tana iya nuna ta gama alhali akwai saura da ba ta rubuta ba.

Sai ƙananan abubuwa da ke ɓata wa mutane lokaci. Bakin USB mai shuɗin ciki, wato na ƙarni na uku da ya fito a 2008, ya ninka na da sauri, kuma bambancin a aikin gigabait 300 shi ne tsakanin kusan awa ɗaya da awa uku ko fiye. Rumbun da aka tsara da tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, abin da ke rikita masu bidiyon biki. Wanda zai riƙa kai-komo tsakanin Windows da kwamfutar Apple, tsarin exFAT ne ya dace da shi. Rumbun da ke ɗauke da abu mai daraja kuma ba a kai shi shagon buga takardu, inda kwamfuta ɗaya ke karɓar filashin mutum 50 a yini. A can ake kwaso cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu, da wadda ta fi ta muni, mai kulle komai ta nemi kuɗin fansa.

Ƙaura da kwafi

Da aikin ya yi nisa, magidancin ya gaya wa ƙanwarsa cewa zai kwashe duk sautin zuwa rumbun, ya goge na kwamfuta, sannan ya rabar da kaset ɗin ga masu so tunda an gama da su. Ta ce masa, "Yaya, in ka yi haka, muryar Malam a wuri nawa take?" Ya yi shiru, ya ce wuri ɗaya.

Wannan ita ce tambayar da ke ƙarƙashin al'amarin duka. Wanda ya kwashe kaya daga ɗaki zuwa rumbu ƙaura ya yi musu, hatsarin da ke kansu bai ragu ba, wuri kawai ya sauya. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke aiki da rumbuna fiye da 200,000 kuma yake wallafa lissafin mutuwarsu, ya nuna cewa a shekarun baya-bayan nan tsakanin ɗaya zuwa biyu cikin kowane 100 suna mutuwa a shekara. Wannan a ɗakuna masu sanyi ke nan, inda wuta ba ta ƙiftawa kuma ba yaron da zai ja waya. Kowane rumbu zai mutu, ranar ce ba a sani ba.

Wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, shi ya yaɗa ƙa'idar da masana ke bi yanzu, wadda ake taƙaitawa da 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ba a son rasawa, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Sharaɗin ƙarshe shi mutane suka fi sakaci da shi, kuma Sakkwato ta ga dalilinsa da idonta. A watan Satumban 2010 ambaliya ta cinye garuruwa a kwarin Rima, ta yanke hanyar da ke kai wa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A watan Janairun 2021 gobara ta laƙume sashe mai yawa na babbar kasuwar birnin. Ruwa da wuta da ɓarawo ba sa zaɓar rumbu ɗaya su bar ɗan'uwansa da ke cikin durowa guda.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 1998 wani kuskuren umarni ya goge mafi yawan aikin fim ɗin Toy Story 2 daga kwamfutocin kamfanin Pixar, aka duba ajiyar ofis aka tarar ta lalace. Abin da ya ceci fim ɗin shi ne kwafin da wata ma'aikaciya, Galyn Susman, ke da shi a gida saboda tana jego tana aiki daga can. A 2019 kuma dandalin MySpace ya amsa cewa waƙoƙi kimanin miliyan 50 da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta. Don haka ajiyar intanet ma kwafi ɗaya ce cikin uku, ba ita ce duka ba. Tana da amfani ga takardu da hotuna, Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma ɗora gigabait 300 da datar waya aiki ne mai cin kuɗi da kwanaki.

Magidancin ya jira albashi biyu, ya sayi rumbu na biyu na wani kamfanin daban. Ya kwafe komai, ya buɗe fayiloli daga farko da tsakiya da ƙarshe ya saurara domin ya tabbatar sun shiga lafiya, ya ba direban mota amintacce ya kai Zariya. Hotunan littattafan da zaɓaɓɓun karatu da aka matse ya ɗora su a intanet. Kaset ɗin kuma ya mayar da su kwalayensu ya ɗora a kan kabad.

Bayan kamar wata bakwai, wata ranar Juma'a da yamma, ana kunna wa Inna tafsirin wata shekara a tsakar gida. Ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, sai ta ce, "Kai wanga, maido mani wurin nan in ƙara ji." Yana miƙa hannu, ƙaramin jikanta ya taho a guje ya ɗauki wayar da ƙafa. Rumbun ya bugi siminti yana cikin juyawa. Da aka sake jonawa sai ya riƙa wata ƙara, ƙwas, ƙwas, kwamfuta ba ta gan shi ba.

Wannan ƙara alama ce ta cewa allura ta samu matsala, kuma duk sake kunnawa ƙara kankare faifan take yi. Mai gyaran waya da zai ce a kawo ya buɗe ya duba, ƙarasa shi zai yi, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin allura da faifai girma. Masu ceto bayanai na gaske a ɗaki na musamman mai tace iska suke buɗewa, kuɗinsu yakan ninka na sabon rumbu sau da yawa, kuma ba sa yin alkawarin nasara. Shi bai buƙaci ko ɗaya ba. Abin da ya rasa kuɗin rumbu ne da kaset 11 da ya juye bayan tafiyar kwafin Zariya, su ma asalinsu na kan kabad. Ƙanwar ta sayi sabo a can, ta kwafe daga nata, ta aiko.

Wa zai buɗe bayan mai shi?

Saura tambaya ɗaya da ba ta da alaƙa da inji. Littafin da ke cikin gafaka, duk wanda ya iya karatu zai buɗe shi bayan shekara 100. Rumbu yana buƙatar waya mai dacewa da bakinsa, da kwamfutar da ta san tsarinsa, da mutumin da ya san yana nan. Waɗanda suka adana aikinsu a kan fulofi a shekarun 1990, ko a faifan CD bayan haka, yau da ƙyar za su sami kwamfutar da ke da wurin saka su. Saboda haka ajiyar zamani tana buƙatar abin da malaman da suke yi, wato sabunta kwafi. A jona rumbu aƙalla sau biyu a shekara a duba lafiyarsa, kuma bayan shekara huɗu ko biyar a juye komai zuwa sabo tun tsohon yana da rai. A ba fayiloli sunayen da baƙo zai gane, da shekara da darasi, a liƙa takarda a jikin akwatin.

Kulle rumbu da kalmar sirri, kamar yadda BitLocker na Windows ke yi, wajibi ne ga likita ko lauya ko akawun da ke yawo da bayanan mutane, musamman tun da aka kafa dokar kare bayanai ta Najeriya a 2023. Amma kullen ba ya sanin magaji. Idan mai shi ya rasu da kalmar a kansa, ba kamfanin da zai iya buɗewa. Wanda ya kulle ya rubuta mabuɗin ya ajiye tare da takardun gida da wasiyya. Abin da aka tara domin jama'a kuwa, irin karatun malami, kulle shi ba shi da ma'ana, yawan hannuwan da ke riƙe da shi ne tsaronsa.

A Timbuktu, lokacin da masu ɗauke da makamai suka riƙe garin a 2012, iyalai da ma'aikatan ɗakunan karatu ƙarƙashin jagorancin Abdel Kader Haidara sun fitar da dubban ɗaruruwan littattafai a akwatunan ƙarfe zuwa Bamako. Kimanin 4,000 daga cikin waɗanda suka rage a Cibiyar Ahmed Baba an ƙona su ko an yi awon gaba da su a Janairun 2013. A Sakkwato, taskar da Waziri Junaidu ya tara kafin rasuwarsa a 1997 ita ce ta ba masana irin su Murray Last abin da suka rubuta tarihin daular da shi, kuma akwai hukumar tarihi da al'adu ta jiha mai ɗauke da sunansa, akwai jami'a, akwai Gidan Arewa a Kaduna. Amma abin da ke cikin gidajen mutane a Ƙofar Taramniya da Gidaɗawa da sauran tsofaffin unguwanni, na takarda da na kaset da wanda yanzu ke cikin wayoyi, ba ya cikin kundin kowace hukuma. Iyalan da suka riga suka juye nasu za su yi wa kansu da na baya alheri idan suka miƙa kwafi ɗaya ga irin waɗannan cibiyoyi, tare da rubutaccen bayanin waye malamin, a wane zaure ya karantar, kuma a waɗanne shekaru.